Yadda za ki koyar da sababbi rawar sikwaya ko da ba ki da ƙwararren mai kira

Tunda na saka hoton ajinmu na ranar asabar mutane ke ta tambayata wai ya muke yi tunda bamu da kola, wato mai kiran nan da yake riƙe makirfo yana faɗawa masu rawa abinda zasu yi. Toh gashi na zauna zan rubuta komai dalla dalla. Ni a Kolombos nake, jihar Ohayo a Amurka, kuma ajinmu na mata ne zalla a wani ɗakin taro na unguwa, akwai 'yan Najeriya da 'yan Gana da Somaliyawa da turawa 'yan nan garin. Da farko akwai mai kira da yake zuwa mana, daga baya nisa da tsadar kuɗin zuwansa suka sa ya daina, aka ce ko a rufe ajin ko wata ta karɓa, ni kuma gaskiya ban iya ganin an rufe ba saboda akwai dattijai mata da wannan awa ɗaya da rabin ce kaɗai fitarsu a sati. Zan riƙa cewa "ki" saboda mata nake koyarwa, amma ɗan uwa namiji da ke son yi da yaran makaranta ko matasa duk hanya ɗaya ce.

Ga wadda bata san rawar ba sam: mutum 8 ne, bibbiyu sau huɗu, kowane biyu suna tsaye a gefe ɗaya na murabba'i suna kallon tsakiya. Ba haddace rawar ake ba daga farko har ƙarshe, sunayen motsi ake koya, mai kira ya faɗi suna ku kuma ku aikata, kamar dai yadda a gaɗa ake samun mai bayarwa da masu amshi, sai dai nan da ƙafa ake amsawa. Asalinta daga raye-rayen Faransa da Ingila ne da suka tsallako Amurka, kuma masu tarihi sun nuna cewa baƙaƙen fata masu kiɗan goge da ake sawa su yi wasa a wurin rawa su ne suka yaɗa al'adar kiran motsi da baki tun farkon shekarun 1800, don mutanen da basu je makarantar koyon rawa ba su samu su bi. Wannan tarihin yana ƙara min ƙarfin gwiwa sosai, domin kiran tun asali don sababbi aka yi shi. Daga baya Henry Ford mai kamfanin mota ya zuba kuɗi wajen farfaɗo da ita a shekarun 1920, sai wani shugaban makaranta a Kolorado, Lloyd Shaw, ya tattara irin ta yammacin ƙasar ya buga a 1939, sannan a shekarun 1970 masu kira suka kafa ƙungiyar CALLERLAB wadda ta daidaita sunaye da ma'anar kowane motsi. Shiyasa yau ko a Jafan ko Jamus kika shiga fili da turanci ake kiran, kuma ma'anar ɗaya ce.

Abu na farko da zaki sa a ranki, kuma shine ginshiƙin duk abinda zan faɗa: kada ki yi ƙoƙarin zama irin ƙwararren mai kira. Shi yana kallon fili ne yana haɗa motsi nan take daga kansa, ya watsa mutum 8 ko'ina sannan ya dawo da kowa wurin abokinsa, wannan shekaru ake ɗauka ana koyonsa. Ke aikinki ki rubuta jerin motsi a kati tun a gida, ki gwada ki tabbatar yana dawo da kowa gida, a fili kuma ki karanta abinda kika rubuta akan lokaci. Shikenan. Kada ki ƙara komai daga kanki a tsakiyar kiɗa ko da kin ji daɗi ya ɗebe ki.

Sai wuri da kaya. Kowane murabba'i yana son fili kamar mita 4 tsawo mita 4 faɗi, ƙasa kuma ta katako ko tayil mai santsi kaɗan, banda kafet domin ana jan ƙafa ne a ƙasa ba ɗagawa ake ba, kafet yana kama takalmi ya gajiyar da gwiwa. Ki samu sifika mai kyau da makirfo, wallahi kada ki ce muryarki ta isa, mutum 16 suna dariya ga kiɗa babu mai jinki, kuma kafin minti 30 maƙogwaronki ya dishe. Muryarki ta ɗara kiɗan ƙarfi kullum. Ki tambayi masu ɗakin ko suna da lasisin saka kiɗa a taro, a Amurka BMI da ASCAP ne manyan masu kula da wannan, yawancin ɗakunan taro sun san zancen. Takalmi filat, zobba masu tsini a cire, mai dogon hijabi ko mayafi ta kama shi da fil don hannuwa suna yawan gittawa. Zani ko abaya basa hana komai tunda takun gajere ne. Mu idan lokacin sallah ya faɗo cikin ajin nan muke sa hutu.

Tunda duk mata ne dole rabi su tsaya a matsayin maza, wato hagu, rabi a dama. Ki sayi ribon ko ɗankwali kala ɗaya guda 12 ki ɗaura wa masu tsayuwar hagu a kafaɗa, kuma dan Allah kowa ta riƙe matsayinta aƙalla sati 6 kafin ta canza, in ba haka ba kanta zai juye. Ni a aji ina cewa "masu ribon" da "marasa ribon", amma tun ranar farko nake gaya musu a faifai zasu ji ana cewa bois da gels ko jents da ledis, don kar ranar da aka saka faifai su tsaya suna kallon juna.

Yanzu shiri a gida, nan ne rabin aikin yake. Ki sauke Taminations a waya, manhaja ce da take nuna kowane motsi da zane mai tafiya, kina iya rage gudu ki ga inda kowa yake bi. Ki sauke ma'anonin matakin farko daga shafin CALLERLAB, kyauta ne, har da adadin taku na kowane motsi. Sai ki nemo murfin kwalba 8, huɗu kala ɗaya huɗu wata kala, ki rubuta lamba 1 zuwa 4 a kansu ki ɗiga alamar inda fuska take kallo. Duk katin da kika rubuta sai kin tura murafen nan akan tebur motsi bayan motsi kin ga sun koma gida kafin ki kai shi gaban mutane. Su kansu ƙwararrun da irin waɗannan 'yan tsana suke koyo.

Ranar farko kada ki fara da murabba'i. Ki sa kowa a babban da'ira ɗaya, mai ribon a hagu abokiyarta a damanta, ki saka kiɗa cikin minti 5 na farko, kada ki tsaya dogon bayani mutane sun zo motsa jiki ne. A da'irar nan zaki koyar da guda huɗu ko biyar. Sakul lef da sakul rait, a riƙe hannu a zaga hagu ko dama. Fowad an bak, taku uku gaba a taɓa ƙafa, uku baya a taɓa, duka 8. Dosado, ki fuskanci abokiyarki ku wuce kafaɗar dama da dama, ku ɗan matsa dama baya da baya, ku dawo da baya baya ta kafaɗar hagu, ba'a juyawa ko kaɗan, fuska tana kallon bango ɗaya tun farko har ƙarshe. Sai faramined, ku riƙe hannu bibbiyu ku yi tafiya saɓanin hannun agogo, mai ribon tana ciki. Amfanin da'ira shine babu wadda zata zauna don lissafi bai cika 8 ba, kuma kowa tana ganin kowa tana kwaikwayo.

A nan ne kuma zaki koyar da kalmar da tafi kowace muhimmanci, kona. Mai ribon, wadda ke damanki abokiya ce, wadda ke hagunki ita ce kona. Marar ribon kuma akasin haka. Ki sa su nuna da yatsa, "ina abokiya, ina kona", sau goma ma bai yi yawa ba, ki sa su faɗi sunan juna. Kusan duk rushewar da zaki gani a satin farko daga rashin sanin kona take zuwa.

Bayan hutu sai ki kafa murabba'i. Biyun da suka juya miki baya, wato suka ba kiɗa baya, su ne lamba 1, na damansu lamba 2, masu kallonki lamba 3, saura lamba 4. Lamba 1 da 3 ana ce musu heds, 2 da 4 saids. Inda kowa ta tsaya nan ne gidanta, ki ce ta kalli bango ko taga ta riƙe alama. Ki maimaita abinda aka yi a da'ira, sannan ki ƙara alaman lef: a juya wurin kona, a kama damtsen hagu da hagu ƙasa da gwiwar hannu, a zaga juna sau ɗaya a saki, a dawo ana fuskantar abokiya. Ki ja kunne akan riƙo, ba'a matsewa ba'a ja, tafin hannu kawai ake ɗorawa, akwai masu ciwon gaɓɓai da basa iya faɗa sai dai ki ga sati mai zuwa basu dawo ba.

Yadda nake koyar da kowane sabon motsi bai canzawa. In faɗi sunan, in nuna da mutum biyu ko huɗu, in faɗi inda za'a ƙare kafin a fara tafiya, a taka a hankali ba kiɗa sau biyu, a taka da kiran suna kawai ba bayani, sannan a saka kiɗa. Faɗin inda za'a ƙare ɗin nan yana da matuƙar amfani, idan mace ta san cewa ƙarshenta zata tsaya gaban Hajiya wance ko ta ɓata a hanya zata nemo ta.

Toh ga inda sababbin masu koyarwa suka fi shan wuya, lokacin kira. Kiɗan rawar nan yana tafiya ne bugu 8 bugu 8, gudunsa wajen 120 zuwa 128 a minti, kowane bugu taku ɗaya. Idan kika bari sai a bugu na 1 kika buɗe baki kin makara, kafin su ji su gane su ɗaga ƙafa an kai na 4. Dole ki faɗi kiran a ƙarshen takwas ɗin da ta gabata, wajen bugu na 5 zuwa 8, ta yadda kalmarki ta ƙarshe ta faɗa kan 8 su kuma su taka a kan 1. Ki gwada a kicin ko a mota: ki saka kiɗa ki ƙirga ɗaya biyu uku huɗu a zuci, sai ki ce "wit yo kona alaman lef" a sauran huɗun. Sati biyu nayi ina wannan kullum kafin ya zauna min, kuma na ɗauki muryata a waya na saurara, nan na gane ina haɗiye ƙarshen kalma. Ki fara faɗin su wa, sannan me zasu yi, heds tukun sannan fowad an bak, in kika juya sai kowa ya zabura gaba ɗaya. Kuma idonki akan murabba'in da ke tsaka tsaki, kar ki bi mafi sauri kar kuma ki jira mafi jinkiri.

Ga kati biyu da zasu ɗauke ki wata guda, kowanne bugu 64 ne cif.

Katin buɗewa:
sakul lef, 16
sakul rait, 16
alaman lef da kona, 8
dosado da abokiya, 8
faramined har gida, 16

Katin tsakiya:
heds fowad an bak, 8
saids fowad an bak, 8
heds su haɗa hannun dama a tsakiya su yi tauraro zagaye ɗaya, 8
alaman lef da kona, 8
dosado da abokiya, 8
a koma wurin kona a riƙe hannu biyu a zaga, 8
faramined da konar zuwa gidan mai ribon, 16

A asali wurin nan na shida suwin ake yi, wato a rungumi juna a juya da sauri, ni na maye shi da riƙon hannu biyu saboda jiri da kuma waɗanda basa son runguma, kuma ba abinda ya ragu. Abin daɗin katin nan shine kowane zagaye masu ribon suna samun sabuwar abokiya, idan aka yi sau 4 kowa ta dawo wurin ta farko, ranar da suka fara ganin haka ta faru ihu da tafi suka yi. Ki tuna musu cewa duk zagaye kona ma ta canza, su duba hagu su ga sabuwa. Tsarin cikakkiyar waƙa kuwa sassa 7 ne: buɗewa, katin tsakiya sau 2 heds suna tauraro, katin buɗewa a matsayin hutu, katin tsakiya sau 2 saids suna tauraro, sai rufewa da katin buɗewa. Bai kai minti 4 ba duka. Kiɗan da ake sayarwa don wannan rawar akan wannan tsarin aka gina shi, kuma yawanci yana zuwa kala biyu, ɗaya da muryar mai kira ɗaya kiɗa zalla, tun zamanin faifan garmaho haka ake yi, gefe ɗaya murya gefe ɗaya babu.

Zancen faifai mai murya. Yana da amfani ƙwarai domin kunnensu ya saba da muryar ƙwararru da saurin bakinsu, kema ki huta. Matsalarsa ɗaya ce, faifai baya ganin fili, ko kowa ya rushe shi tafiyarsa yake. Saboda haka kada ki taɓa saka wanda baki saurara ba tun daga farko har ƙarshe da biro a hannu, ki rubuta kowane kira, in akwai ko guda ɗaya da baki koyar ba ki ajiye shi sai gaba. Ki taka musu jerin ba kiɗa tukun, sannan ki rage gudun faifan kamar kashi 10 cikin 100, manhajar gyaran sauti ta Audacity tana yin haka ba tare da murya ta canza ba, YouTube ma yana da wurin rage gudu. Yatsanki yana kan maɓallin tsayawa.

Rushewa kuwa dole ce, kowane aji sai anyi, don haka ki koyar da ita kamar motsi tun ranar farko. Dokar ita ce in an rikice ba tsayawa gardama, kowa ta koma gidanta da sauri, a tsaya a murabba'i, a jira kira na gaba da kowa ya sani kamar sakul lef a shiga. Ki hana jan mutum da tura mutum, mai son taimako ta nuna da hannu kawai. Kuma kada ki kira sunan wadda tayi kuskure a makirfo, ki ce mu sake duka. Idan murabba'i biyu cikin uku suka rushe a wuri ɗaya toh daga bayaninki ne ko lokacin kiranki, ki canza kalmomin da kika yi bayani dasu kar ki maimaita irin na ɗazu da ƙarfi.

Idan lissafi bai cika ba, misali ku 13, ki yi murabba'i ɗaya ki riƙa musanya bayan kowace waƙa, ko ki koma da'ira. Ku 14 ko 15 kuma ana iya barin gurbi a ɗauka akwai mutum a wurin, amma sababbi yana rikita su, gara ki saka wadda ta fi gwanancewa kusa da gurbin.

Saurin ƙara motsi: biyu ko uku a sati ya isa, kuma rabin kowane aji bita ne. Sati na 2 nake kawo rait an lef giran, a fuskanci abokiya a bada dama a wuce, hagu ga ta gaba, dama, hagu, ta biyar ita ce abokiyarki kun haɗu a ɗaya gefen, masu ribon suna bin saɓanin agogo sauran suna bin agogo. Ki sa su ƙirga da baki, kuma ki nanata cewa a saki hannu da an wuce, wadda ta riƙe sai ta juya ta bi hanyar da ba tata ba. Sati na 3 fas turu, wato masu fuskantar juna su wuce kafaɗar dama da dama, da juyin ladabi da ake cewa katasi tan, inda mai ribon take riƙe hannun abokiya su juya tare su kalli inda suka ba baya, na 4 ledis cen, marasa ribon su tsallaka wurin mai ribon da ke gabansu, da rait an lef turu, bibbiyu masu fuskantar juna su musanya wuri, tunda duk akan juyin nan suka dogara. Giran sikwaya ki bar shi sai wajen sati na 6, taku 32 ne ba riƙe hannu sosai, heds suna shiga saids suna ja da baya, a juya a taku na huɗu, a 16 a juya akalar a koma. Ki manna tef a ƙasa ki zana ƙaramin murabba'in da kowa zata bi, ki koyar da heds daban saids daban kafin ki haɗa, kuma ki roƙe su kar su yi gaggawa don kowa so take ta riga kiɗa isa.

Kada ki ce sai kin kai su ƙarshen jerin kiran da ake koyarwa a kulob, wato ƙungiyoyin masu wannan rawa. Matakin da suke kira Mainstream yana da kira masu yawa, akwai kuma gajeren tsarin sababbi da ake kira SSD mai kira 50 da aka tsara don a gama cikin kamar sati 12, amma duka biyun an gina su ne da tunanin akwai mai kira da zai riƙa jujjuya motsin ta fuskoki daban daban. Ke da kira 15 zuwa 20 da kati goma masu kyau zaki riƙe aji shekara guda ba wadda ta gaji. Wadda ta nuna tana son wucewa gaba ki haɗa ta da kulob mafi kusa.

Kulob ɗin ma ki neme su tun yanzu. Suna da al'adar tura tsofaffin 'yan rawa su taimaki ajin sababbi kyauta, enjel suke ce musu, mace biyu irin waɗannan a murabba'i suna rage rushewa sosai, sai dai ki gaya musu tun a waya cewa ajin mata ne kuma kati kike bi, kar su kawo salon kulob na juyi da tafi da sababbi basu sani ba. Sannan ku riƙa tara 'yan kuɗi kaɗan kaɗan kamar adashi, bayan sati 10 ko 12 ku gayyato ƙwararre na dare ɗaya, akwai mata masu kira ma idan haka kuka fi so. Ki tura masa jerin kiran da kuka koya ta imel kwana biyu kafin ranar don ya tsaya a kansu, ke kuma ranar ki ajiye makirfo ki shiga fili, bayan an tashi ki nuna masa katunanki ki roƙe shi ya duba miki su da biro.